Ramin da Babu

Asabar, bayan azahar

Mun dawo daga gandun daji, cinyoyina kamar na aro. Yau Hanyar Ja muka bi, wadda ke hawa duwatsu ta sauko ta bakin rafi. Tela, abokin tafiyarmu, ya zo mana da sabon mutum, na ƙare hanya ina yi masa bayanin da kowa ya sani: hanyoyin keke uku ne a gandun, Fara da Shuɗiya da Ja, kuma duka Yayana ya fitar da su, tun lokacin da ake ganin sai mai taɓin hankali zai hau keke a kan tsakuwa don nishaɗi. Shi ya bi tsofaffin hanyoyin malaman daji ɗaya bayan ɗaya, ya shafa fenti a jikin duwatsu, ya yi ta sintirin neman izini har suka gaji da ganin fuskarsa suka ba shi.

A jere muke tafiya, kuma na gaba shi ke kira. In ya ga rami ya ce "Rami, dama," na biyu ya maimaita, na uku ya karɓa, har kiran ya iso wurina. Ni ne na ƙarshe kullum, don ni ne mai gyaran keke, famfo da faci da sufana duk suna jakata, wanda tayarsa ta sace ni zan tsince shi. Shi ya sa suke ce min Shara. Kira in ya iso ni sai in haɗiye shi, ba wanda zan miƙa wa sai birai.

Yaya ne na gaba tun ranar farko, Jagora suke ce masa. Ban taɓa jin mai kira irinsa ba. Ba ya yi da wuri har ka manta, ba ya makara har ka faɗa. Yana faɗa, kana juya kan keke, abin yana wucewa ta gefen ƙafarka. "Na gaba idon na baya," haka yake cewa duk wanda ya yabe shi, sai ya kau da maganar.

Da muka fito ƙofa malamin daji ya miƙa masa hannu. Yaya ya bar hannun a rataye sai da mutumin ya yi magana. Gajiya ce.

Litinin, da hantsi

Ya kawo kekensa shago, wai giya tana tsallake. Ya tsuguna, bai kalli sarƙar ba, da yatsu ya bi ta har ya kai wurin da ta ƙage. Daidai ya gano, kamar kullum. Sai wani noti ya suɓuce masa, ya faɗi dab da takalminsa yana sheƙi. Ya shiga shafa ƙasa da tafin hannu. Na ɗauka na sa masa a hannu.

"Shagon nan naka duhu gare shi, Shara. Ka sa ƙwan lantarki mai haske."

Rana ta shigo har kan teburin aiki. Na ce zan sa.

Talata, da yamma

Anti, matar Yaya, ta kira ni. "Gobe ka rufe shago ka raka shi asibitin ido. Ni ya hana ni, wai ina da arhar hawaye."

Na ce ai gaskiya ya faɗa. Ba ta rama ba, ita da ba ta barin bashin tsokana ya kwana.

Laraba, da yamma

Mun je. Mun dawo.

Alhamis, da safe

Likitar ba ta da hayaniya. Ta sa ya ɗora haɓa a kan wata na'ura, ta daɗe tana leƙawa. Ta ce ya karanta haruffan da ke bango. Ya karanta na sama, ya ce sauran ai rubutun likitoci ne, ba mai iya karantawa sai su. Ta yi dariya. Ni ban samu dariyar ba.

Abin da ta faɗa bayan nan ba zan rubuta ba. Ta ba shi maganin ɗigawa, ta ce abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage shi za a yi ƙoƙarin riƙewa. Na buɗe baki zan tambaye ta batun keke, ya taka min ƙafa.

A mota ya ce, "'Yan tafiya ba sa bukatar jin wannan."

"Yaya, gangaren Ja fa?"

Ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa. "Gangaren Ja a nan yake. Kowane dutse ni na san ranar da na fara gaisawa da shi."

Tun muna yara ban taɓa cin Yaya a gardama ba, kuma ba a cikin mota zan fara ba.

Asabar, bayan la'asar

Hanyar Shuɗiya yau. Na fita cike da tsoro, na dawo ina jin kunyar tsorona.

Wannan hanyar ita na fi so. Tana ratsa kurmi inda sanyi ke dukan fuska, ta fito fili tana hawa a hankali, sai ka waiwaya ka ga duwatsun gandun a kwance bayan juna, na kusa kore, na nesa shuɗi-shuɗi. Muka tashi garken zabin daji, suka ruga a gabanmu kamar masu bin bashi. Kuma duk tsawon hanyar kiran Yaya yana zuwa daga gaba, baki zuwa baki. Saiwa, hagu. Yashi, a rage giya. Kwana, a taɓa birki. Ko ɗaya bai kuskure ba. Na sa ido, na ƙirga a raina ina jiran ya kuskure, bai yi ba.

Da muka zauna hutawa a ƙarƙashin babban dutse na matsa kusa da shi, na tambaye shi a hankali yadda yake yi.

"Tsakuwa magana take yi," ya ce. "Ƙanana suna raɗa, manya suna tari. In ka ji ta yi shiru, yashi ne ke zuwa. Kai da kake baya hayaniyar mutane kawai kake ji."

Malama, wadda ke koyarwa a makarantar 'yan mata kuma ta fi mu duka ƙarfin hawa, ta ɗaga gorar ruwanta ta ce, "Jagora dai idon shaho gare shi." Ruwa ya sarƙe ni. Yaya ya bubbuga min baya da ƙarfin da ya wuce na taimako.

Ina alfahari da mutumin nan, kuma ina jin tsoro. Duka biyun a cikina suke, ba wanda ya kori wani.

Talata, da rana

Ruwa tun safe. Ba ciniki. Na sa ƙwai mai haske a shago.

Alhamis, da yamma

Har yanzu ruwa. Anti ta ce yana ɗiga maganin a kan lokaci. Ta ce jiya ya zuba shayi a gefen kofi, ya ce teburin ne ya karkace.

Asabar, da yamma

Ban san ta inda zan fara ba.

Hanyar Ja. Ashe da ruwa ya ɗauke jiya masu gyaran hanya sun shiga gandun da gireda, ba wanda ya gaya mana, malamin dajin da muka saba da shi ma ba ya bakin ƙofa. A tsakiyar babban gangaren akwai wani rami a hannun dama, tsohon rami mai zurfi da ruwa ya haƙa, wanda ya taɓa lanƙwasa wa Tela taya. Shekara da shekaru muna kauce masa. Sun cike shi. Sun daddaɓe wurin ya yi sumul, ja wur, ko makaranta za a iya ginawa a kai.

Daga baya ina hango layin duka, don gangaren a miƙe yake. Na ga Yaya ya iso wurin. Na ji muryarsa tar: "Rami, dama!" Ya karkata hagu, ya zagaye shi tsaf, yadda yake yi kullum.

Tela ne na biyu. Na ga kansa ya sunkuya ya kalli hanyar, ya ɗago ya kalli bayan Yaya. Sai ya ce, "Rami, dama," ya karkata hagu. Malama ta karɓa, muryarta ƙasa-ƙasa, ta karkata. Haka kowa ya yi, har sabon mutumin. Mutane masu ido biyu suna zagaye wuri mai santsi kamar faranti. Da kiran ya iso ni na haɗiye shi, ni ma na karkata hagu.

Ba a nan ya tsaya ba. A kwanar ƙasa masu gyaran sun bar tsibin tsakuwa ya cinye rabin hanya. Yaya ya nufe shi kai tsaye, bakinsa a rufe. A tafiyarmu kira baya yake zuwa, ba ya zuwa gaba, ba a taɓa yi ba. Tela ya yi. "Jagora, tsibi a gabanka! Hagu!" Yaya ya fizgi kan keken, tayar baya ta ja ƙasa, fedarsa ta kwashi tsakuwa, amma bai faɗi ba. Ko a wannan ya burge ni, wani da tuni yana ƙasa.

Ya sa ƙafa ya tsaya. Muka taru.

"Sun yi gyara ke nan," ya ce.

Tela ya ce, "Sun yi."

"Har da ramin?"

Kowa ya sami abin dubawa a jikin kekensa. Malama ce ta iya cewa, "Har da shi, Jagora."

Ya gyaɗa kai. Ya tura kekensa da hannu har bakin ƙofa, mu ma muka sauka muka tura namu a bayansa.

Lahadi, da hantsi

Anti ta zo shago da kanta. Ba ta zauna ba.

"Ka sani, ka bar shi ya shige gaba a gangare. In da ya karya wuya me za ka ce min? In da na bayansa ne suka faɗa kansa fa?"

Na ce shi ya hana ni faɗa.

"Shi ya hana ka. Gemu har ƙirji, wai shi ya hana ka."

Ta juya ta fita.

Litinin, bayan azahar

An kawo min kekensa a bayan mota. Saƙon da ya biyo shi: in ba wanda zai more shi. Na rataye shi a ƙugiyar da ke saman teburin aiki. Sirdin ya ɗauki siffar zamansa, robar hannun ta lotsa daidai inda babban yatsansa ke kwanciya. Wa zan ba?

Laraba, da yamma

Bai fito ba.

Juma'a, da yamma

Bai fito ba. Keken yana nan. Na shafa wa sarƙar mai, ban san dalili ba.

Asabar, bayan azahar

Mun fita ba shi. A bakin ƙofa aka yi ta tura wa juna gaba kamar ana rabon aikin kwasar kwata. Daga ƙarshe Tela ya karɓa. Mutumin kirki ne, amma kiransa sai ka riga ka faɗa ramin yake isowa, kamar mai ba da labari. A mararrabar Fara da Shuɗiya ya kai mu wata hanyar da ta ƙare a jikin shinge. Malama ta ce ashe shekarun nan duk ba gandun muka sani ba, bayan rigar Jagora muka sani.

Duwatsun suna nan yadda suke, da fentinsa a jikinsu. Na lura yau cewa kowace alama ya sa ta daidai inda idon mai gajiya zai sauka. Ban taɓa lura ba.

Lahadi, bayan la'asar

Na je gidan. Yana zaune a baranda, fuskarsa wajen hasken yamma. Ya gane takuna tun daga ƙofa.

Na ce 'yan tafiya suna gaishe shi, kowa yana kewarsa. Na ce ba wanda ya ga laifinsa, ai shi ma ya ga yadda suka girmama shi a gangaren.

Ya juyo. Ban taɓa jin muryarsa haka ba, a sanyaye amma da kaifi.

"Girmamawa? Tsibin tsakuwar ban damu da shi ba, Shara. Tela ya yi daidai, Allah ya yi masa albarka. Abin da ke hana ni sukuni ramin ne. Na kira abin da babu, kuka amsa min. Kun yi min ƙarya da kekunanku, ɗaya bayan ɗaya, har da kai. In na sake hawa, wace murya zan yarda da ita?"

Na so in ce ƙauna ce ta sa. Na san ya sani, kuma ba ita ce tambayarsa ba.

Litinin, da rana

Ina ɗaure sufokin wata taya, wato wayoyin cikinta, wani ɗan guntun roba ya maƙale a jikin ƙarfen, taya na juyawa yana ƙas-ƙas-ƙas. Na kai hannu zan cire, sai na fasa. Na daɗe a tsaye ina juya tayar.

Talata, da yamma

Na gaya masa. Ni a gaba, da roba a tayar baya tana ƙara don ya san inda nake da saurin da nake yi. Shi na biyu, dab da ni. Ni in gani in kira, shi ya miƙa baya.

Ya yi dariyar da ban ji ba tun kafin asibiti. "Kai? Kai da ka tsufa kana shan ƙurarmu? Muryarka ko kaza ba ta kora."

"Sai ka koya min."

"Abin da babba ya hango..." Ya tsaya. Ya sake dariya, wannan karon gajeriya. "To, yanzu yaron ne zai hau rimin."

Anti tana bakin ƙofar ɗaki, hannuwa a harɗe. Ta ce, "Ban ce e ba." Ba ta kuma ce a'a ba. Da zan tafi ta biyo ni waje ta ce, "Zaman nan yana cinye shi fiye da ciwon. Amma wallahi in ka dawo min da shi a kwance, kai ma ka nemi wurin kwanciya."

Alhamis, da hantsi

Hanyar Fara, mu biyu kawai, ita ce shimfiɗaɗɗiya mai bin rafi. Na sauke kekensa daga ƙugiya. Da ya kama hannun keken sai ya tsaya yana murza robar da babban yatsa, na juya na shiga duba famfo.

Ashe gaba wata duniya ce. Ba bayan kowa a gabanka, hanya ce kawai tana zuwa maka da gudu, kuma komai naka ne ka gani. Na kira saiwa bayan ya riga ya hau ta. Na kira dutsen da ko ƙwaro ba zai tuntuɓe da shi ba. Na ce hagu ina nufin dama.

"Ka makara."

"Wannan ba sai ka faɗa ba, kana cika min kunne."

"Ɗaga murya, ba zance kake da budurwa ba."

Da muka tsaya ya ce doka ɗaya ce: abin da ke nan ka faɗa, abin da babu kada ka ƙirƙira, ko don tausayi ko don tsoro. Sauran duk gwaninta ce, tana zuwa da kanta.

Asabar, da rana

Mun sake yin Fara, ba mu bi 'yan tafiya ba. Na rage makara. Ya ce na tashi daga mugu zuwa dama-dama.

Talata, da hantsi

Shuɗiya. A hawan dogon tudu ina haki kamar zan amayar da huhuna, shi kuwa yana bayana yana fito. Ya ce robar tawa tana gaya masa duk sanda na karaya. Zabin dajin sun sake tashi, ya ji su kafin in gan su.

Ya ce Asabar sai Ja. Na ce ko mu ƙara mako. Ya ce wanda ke jiran tsoro ya ƙare, a gida zai tsufa.

Juma'a, da yamma

Na duba birkinsa. Na sake dubawa. Na canja robar birkin da ba abin da ya same ta.

Asabar, bayan la'asar

A bakin ƙofa ba wanda ya yi jawabi. Tela ya rungume shi, Malama ta ce hular kwanonsa a karkace take, ta gyara masa. Yaya da bakinsa ya gaya musu abin da likita ta faɗa, a gajarce, ya ce daga yau Shara ne a gaba. Tela ya karɓi jakar faci ya koma baya, yana cewa dama can nan ne matsayinsa.

Muka hau. A ƙwanƙolin tudu iska tana kaɗawa, gandun duka a shimfiɗe a ƙasa, rafin yana walƙiya tsakanin bishiyoyi. Yaya ya ce in gaya masa ko gajimare ya rufe dutsen nesa. Na ce ya rufe rabinsa. Ya ce haka ya fi kyau.

Sai gangaren. Ƙas-ƙas-ƙas a bayana, da numfashinsa, da muryarsa tana ɗaukar duk abin da na faɗa tana jefa shi baya da ƙarfin da ni ba ni da shi. Kwana, a taɓa birki. Manyan tsakuwa, a riƙe da kyau. Muka miƙe, na hango jan wurin nan da aka daddaɓe. Hannuna da kansa ya fara ja hagu, shekaru sun koya masa. Na ji tayar Yaya ita ma ta fara karkata, na ji ya taɓa birki.

Na cika ƙirjina da iska na ce, "Ba rami! Miƙe!"

Sai na ji ya saki birkin. Tayarsa ta dawo bayan tawa, muka bi ta tsakiyar wurin, tsakuwar ta yi laushi a ƙarƙashinmu.

"Ba rami! Miƙe!" Muryarsa ta tafi baya, Malama ta karɓa, na bayanta ya karɓa, har na jiyo Tela can nesa yana faɗa wa birai.

A bakin rafi muka tsaya. Yaya ya laluba ya kama kafaɗata, ya daɗe bai saki ba. Fuskarsa a jiƙe take, ya ce iska ce.

"Shekara nawa ina zagaye wurin nan," ya ce. "Ashe daɗin bi gare shi."

Ya sha ruwa, ya miƙo min gorar, ta wuce hannuna kaɗan, na kamo ta.

"A kwanar ƙasa ka makara," ya ce. "Mu koma sama, ka sake."